Abin Da Hunturu Ya Koya Wa Wani Mai Jita A Kontagora

A daren wata Alhamis cikin watan Janairu, sa'ad da hunturu ya kankama a Kontagora har mutane suka daina zaman hira a ƙofar gida tun bayan sallar lisha, wani malamin makarantar sakandare yana zaune a ɗakinsa yana duba takardun ɗalibai, sai ya ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Ya ɗauki fitila ya haska ƙarƙashin gado, ya haska bayan ƙofa, bai ga kome ba. Da ya kai hasken jikin bangon da yake rataye jitarsa, sai ya ga wani siririn layi baƙi a fuskarta, ya taso daga gindin jakin da ke riƙe da tsirkiyoyi ya gangara har kusa da ƙarshenta. Tsawonsa ya kai taƙi guda. Jitar nan kuwa watanta biyar ke nan a hannunsa, kuma kuɗin da ya saye ta da su kuɗin kwanon rufin ɗakin matarsa ne.

Kafin mai karatu ya fahimci nauyin wannan al'amari a zuciyar malamin, sai an koma baya kaɗan. Shi haifaffen Kontagora ne, garin da Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa a 1864. Gidansu gidan malanta ne da fatauci, ba su haɗa kome da roƙo ba. A garin kuwa, kamar sauran ƙasar Hausa, kiɗa sana'a ce ta gado, kowane da inda ya dosa: tambari da kakaki na fadar Sarkin Sudan, kalangu na mahauta, garaya ta mafarauta, gangar noma ta manoma. Yaron da ba ɗan gidan makaɗa ba, in aka gan shi rungume da abin kiɗa, sai a ce ya lalace. Jita kuwa ta fi su duka baƙin jini, domin ta hanyar barikin soja da gidajen rawa da majami'u ta shigo garin, saboda haka ba ta da gidan da za a ce nata ne.

Duk da haka sonta ya kama shi tun yana ɗan firamare, lokacin da yakan maƙale a bayan shagon wani tela yana sauraron waƙoƙin Bala Miller a rediyo, watau mawaƙin nan ɗan asalin Zariya da ya riƙa waƙa da Hausa a kan kayan kiɗan Turawa, wanda ya rasu a 2003. Mahaifinsa ya taɓa kama shi ya ɗaura wayar birkin keke a jikin gwangwani yana kaɗawa, ya karya abin a gabansa, bai ce masa uffan ba. Bai sake taɓa tsirkiya ba sai bayan rasuwar tsohon, sa'ad da shi kansa ya zama magidanci. A lokacin kuwa kiɗan jitar Buzaye na Agadas ya fara yawo a wayoyin hannu, ana tura wa juna waƙoƙin su Bombino da Mdou Moctar. Da ya ji labarin cewa shi ma Mdou Moctar da katako da wayar birkin keke ya ƙera jitarsa ta fari, a gidan da ba a son kiɗa, sai ya ji kamar labarinsa ake bayarwa.

Jitarsa ta farko a hannun wani ɗan bautar ƙasa ya saye ta, wanda ya gama aikinsa a makarantarsu zai koma gida ba ya son ɗawainiyar kaya. Shekara 9 ta yi a wurinsa. Ta sha rana, ta sha ƙura, yara sun kayar da ita ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, amma ko gezau. Aibinta ɗaya ne, watau muryarta. In an kaɗa ta sautin ba ya daɗewa, yakan mutu nan da nan kamar an buga kwali, kuma yadda take a ranar da ya saye ta haka take a shekara ta 9, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba.

Dalilin haka yana cikin irin katakon da aka yi ta da shi. Jitar da ba ta lantarki ba, ba tsirkiyoyinta ne ke ba da sautin da kunne ke ji ba, domin tsirkiya siririya ce, ba ta iya tura iska mai yawa. Girgizarta takan bi ta cikin jaki ta shiga allon fuskar jitar, shi kuma allon ya girgiza tamkar fatar ganga, cikin jitar ya amsa. Saboda haka allon nan shi ne ran jita. Wani gwanin maƙerin jita na ƙasar Sifen, Antonio de Torres, ya nuna haka a 1862, sa'ad da ya ƙera wata jita ya yi mata baya da gefuna na kwali, ya sa mata fuska ta katako mai kyau, ta kuwa yi murya. Har yanzu jitar tana ajiye a gidan tarihin kayan kiɗa na birnin Barsalona.

To, ita fuskar nan iri biyu ce. Akwai ta zallar katako, wadda ake tsagowa daga gungume guda, a fere ta har kaurinta ya dawo wajen milimita 3, galibi daga wani itace mara nauyi na ƙasashen sanyi da ake kira sifurus. Akwai kuma ta manne, watau falle-fallen katako siraran gaske, yawanci uku, da ake haɗawa da gam a gicciye, irin aikin filawud na kafintoci, sa'an nan a sa falle mai kyau daga sama don ado. Ta manne tana da ƙarfi, ba ta damu da sauyin yanayi sosai ba, amma gam da gicciyar sukan danne girgizarta. Ta zalla takan girgiza a sake, muryarta ta fita da zurfi, kuma masu riƙe da irinta sun sha faɗin cewa tana ƙara daɗi in ta shekara ana kaɗa ta. A kasuwa kuwa hawa uku ne: mai manne gaba ɗaya, sai mai fuskar zalla da baya da gefuna na manne, sai kuma mai zalla ko'ina.

A da, wannan hawa na uku sai mawadata da manyan makaɗa. Abin da ya sauko da farashinsa shi ne manyan masana'antun ƙasashen Sin da Indonesiya, inda injuna masu aiki da kwamfuta suke yanka ɗaruruwan allunan jita a yini guda, da kuma komawa ga itatuwa masu sauƙin kuɗi maimakon tsofaffin itatuwan Amurka ta Kudu da suka yi ƙaranci. Ta haka ne jita mai zallar katako ta sauko har inda malamin makaranta zai iya miƙa hannu ya taɓo ta, in ya yarda ya rabu da abin da ya kai albashinsa na wata biyu.

Cikin watan Yuli kwasar adashin malamai ta faɗo kansa. Tun farkon shekara ya yi wa matarsa alkawarin cewa da kuɗin nan za a sake kwanon ɗakinta, domin tsohon ya yi tsatsa. Da ya zo mata da maganar jita, ta daɗe ba ta ce kome ba, sa'an nan ta ce, "Malam, ɗakin nan fa wuri uku yake yoyo. Amma kai ne maigida." Ya ce zai sa a liƙe ramukan da kwalta su ƙarasa daminar, in an yi kaka ya sayar da masara da waken gonarsa a yi rufin gaba ɗaya. Ta ce Allah ya kai mu. Wani abokinsa da ke Ikko ya saya masa jitar a can, aka ba wani direban babbar mota, ya biyo da ita ta Ilori da Jebba da Mokwa, ta iso Kontagora cikin watan Agusta ana tsakiyar marka.

Ranar da ya fara kaɗa ta bai yi barci da wuri ba. Tsirkiya guda ya taɓa, ya ji sautin ya cika ɗakin ya daɗe yana shawagi, har yana jin girgizar katakon a ƙirjinsa. Waƙoƙin da ya shekara yana fama da su a kan tsohuwar jitar suka fito kamar ba hannunsa ba. Matar da kanta ta leƙo ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Tsohuwar jitar kuwa ya ba wani ɗalibinsa kyauta a wannan mako. Sabuwar ya buga mata ƙusa a bango daura da taga, don kowa ya shigo ya gan ta, jakarta kuma aka cusa ta a bayan akwati.

Kaka ta zo, wake bai yi yadda aka zata ba, abin da aka samu ya tafi ga kuɗin makarantar yara da hidimar gida. Rufi bai samu ba. Matar ba ta tayar da maganar ba, shi ma bai tayar ba, amma kowa ya san tana nan.

Jitar ta yi ta ba shi alamu tun cikin watan Nuwamba, shi ne bai san karatunsu ba. Da farko ya ji bakunan ƙarafan da ke jere a wuyanta sun fara kartar masa yatsu, alhali da sumul suke. Daga nan tsirkiyoyi suka fara zuzu a kan ƙarafan, musamman da rana. Ya lura kuma fuskar, wadda da take da ɗan tudu kaɗan, ta shafe har ta soma lotsawa. Duk ya ɗauka halin sabon abu ne, zai daidaita. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Abin da ke faruwa kuwa shi ne, katako ko an sare shi shekara 50 bai daina shan laimar iska da fitar da ita ba. In ya sha ya kumbura, in ya fitar ya tsuke, kuma ta faɗinsa yake wannan motsi, ta tsawonsa kuwa kaɗan ne ƙwarai. Masu ƙera jita sukan haɗa ta a ɗakunan da aka tsare laimar iskarsu tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100, kuma a nan suke so ta zauna. Ita wannan ta baro Ikko, inda iska ke jiƙe kusan duk shekara, ta tarar da damina a Kontagora, ta sha ta ƙoshi. Da hunturu ya sauko daga Sahara, laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 da tsakar rana. Allon da faɗinsa ya kusa inci 16 yana iya tsukewa da abin da ya kai milimita 3 a irin wannan bushewa. Ga shi kuwa an manne shi da gefuna ta kowace fuska, an kuma gicciya masa sanduna daga ciki don su tallafe shi, ga tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jansa dare da rana da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 70, watau kamar a ce babban mutum ya rataya a jikinsa. Allon da ke son tsukewa aka hana shi, ba abin da ya rage masa sai tsagewa.

Da gari ya waye malamin ya ciro jakar daga bayan akwati, ya kakkaɓe ta, ya sa jitar ciki kafin matarsa ta shigo da koko. Kwana uku yana ɓoye mata. A rana ta huɗu ta tambaye shi abin da ya sa gidan ya yi shiru da dare, ya buɗe jakar ya nuna mata. Ta duba tsagar, ta duba rufin, ta ce, "Ashe mu biyu ne masu yoyo." Ta ɗauki kwanukanta ta fita. Ya fi son a ce faɗa ta yi masa.

Daga nan ya shiga neman magani, kuma neman nan ne ya haɗa shi da sauran masu jita na garin, waɗanda da bai san da zamansu ba. Shawarwari kuwa ya sha su. Wani ya ce ya shafe ta da man kaɗanya, wani ya ce ya ɗura gam ɗin nan mai kamawa nan take a cikin tsagar, wani ya ce aikin hassada ne. Allah ya taimake shi bai bi ko ɗaya ba, sai da aka kwatanta masa gidan wani tsohon soja a kusa da bariki, wanda ya yi aiki a ƙungiyar makaɗan soja.

Tsohon ya fito masa da wata jitar Yamaha ta ƙasar Japan, wadda ya ce ya sayo ta lokacin da aka tura su aikin kiyaye zaman lafiya a Labanan, inda sojojin Nijeriya suka yi aiki daga 1978 zuwa 1983. Fentinta ya koɗe, inda hannu ke gogawa ya yi rami, amma babu tsaga ko ɗaya a jikinta. Ta manne ce. Ya karɓi ta malamin ya juya ta, ya ƙwanƙwasa fuskar da ɗan yatsa, ya kasa kunne, ya ce, "Ɗana, ka sayi doki ne ka ɗaure shi a turken jaki. Tawa ta bi ni bariki bakwai a bayan mota, ban taɓa ba ta ruwa ba. Taka ta fi tawa murya nesa ba kusa ba, amma da ni aka ba ita a wancan zamani, da ba ta kai wata shida ba." Ya kuma nuna masa yadda ake gane zalla da manne ba tare da an dogara ga bakin ɗan kasuwa ba: a duba bakin ramin da ke tsakiyar fuskar, in layukan katakon sun gangara sun ratsa kaurin allon daga sama har ƙasa, zalla ce, in kuwa an ga hawa-hawa kamar shafukan littafi, manne ce.

Shi tsohon ne ya tura shi wurin wani saurayi mutumin Zuru, mai kaɗa wa mawaƙan wata majami'a jita. Tasa mai fuskar zalla ce da baya na manne, watau hawa na tsakiya, ta yi hunturu huɗu a Kontagora lafiya lau. Da ya buɗe akwatinta sai ga asirin a fili: gidan sabulu na roba da aka huhhuda da ƙusa mai zafi, a cikinsa da soso. Ya ce, "Yallaɓai, daga an ɗauke ruwa nake farawa. Kowane kwana biyu ko uku in jiƙa soson, in matse shi sosai har ya daina ɗiga, in mayar in rufe akwatin. Ba na barinta a waje sai lokacin da nake kaɗawa. Ranar da na ji ƙarafan wuya sun fara karta, na san na yi sakaci." Ya ƙara da cewa shi da gangan ya zaɓi hawan tsakiya, domin yana yawo da ita a kan babur, kuma bayan manne ya fi jure wahala, murya kuwa mafi yawanta daga fuska take fitowa.

Wanda ya fi ba malamin kunya kuwa shi ne wani tsohon maharbi mai kiɗan garaya, maƙwabcin gonarsu, wanda bai taɓa riƙe jita ba a rayuwarsa. Da ya ji labarin sai ya yi dariya ya ce ai wannan ba sabon abu ba ne. Fatar garaya takan saki da damina har sai an kanga ta a wuta kafin ta yi magana, da hunturu kuma ta ɗaure har mutum ya ji tsoron kada ta fashe. Masassaƙi ba ya sassaƙa turmi da ɗanyar ƙirya, in ya yi kuwa hunturun farko zai raba shi biyu. Ya ce, "Malam, kowane makaɗi a ƙasar nan da kalandarsa a jikin abin kiɗansa. Kai dai ba ka gaji abin ba ne, shi ya sa ba wanda ya gaya maka." Malamin ya tuna da mahaifinsa da gwangwanin da aka karya, ya yi shiru. Ya tuna kuma da Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, wanda da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, na gwangwani da fatar akuya, ya zaga duniya.

Gyaran kansa wani kafinta ne ya yi shi, mai yin kujeru da gadaje a bakin kasuwa, bisa kwatancen saurayin nan na Zuru. Da fari ba a taɓa tsagar ba. Aka sassauta tsirkiyoyi, aka sa jitar a jakarta tare da soso biyu masu danshi, aka zura duka cikin babbar leda aka ɗaure. Bayan mako biyu katakon ya sha ya koma, bakin tsagar ya haɗe har sai an kanga ta a haske ake ganinta. Sa'an nan kafintan ya shafa farin gam na katako a kan layin, ya riƙa danna allon a hankali daga ciki har gam ɗin ya ratsa, ya goge na waje da ɗanyen tsumma. Ya fere 'yan ƙananan katakai uku masu faɗin farce, ya zura hannu ta ramin ya manna su daga ciki a gicciye da tsagar, yana duba aikinsa da guntun madubi. Ya ce da an ɗura gam mai kamawa nan take tun tsagar tana buɗe, da ta daskare a buɗe, ranar da damina ta dawo katakon ya kumbura ya rasa wurin komawa. Man kaɗanya kuwa, da ya shiga tsagar, da babu gam ɗin da zai sake kama wurin.

Da yana aikin ne ya shinshina cikin jitar, ya duba jan katakon bayanta, ya ce wannan ai ya san shi. Bai yi kuskure ba. Katakon da ake yi wa jitoci da dama masu sauƙin kuɗi baya da gefuna na Afirka ne. Ɗaya ana kiransa sapele, kuma sunan garin Sapele na Jihar Delta ya ci, inda tun zamanin Turawa ake tara gumagumai ana fitar da su ta ruwa. Ɗayan kuma ɗan'uwan madaci ne na kurmi, madacin nan dai da ke jere a bakin tsofaffin titunan garuruwan Arewa, wanda ake saran ɓawonsa don magani. Watau itacen yakan bar Afirka a gungume, ya je Asiya a fere shi, ya dawo da tsada, sa'an nan ya tarar da iskar da ba a shirya shi dominta ba. Itatuwan kuma ƙarewa suke yi. A 2016 ƙasashen duniya suka sa madobiya cikin jerin itatuwan da ba a cinikinsu tsakanin ƙasashe sai da izini, a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, a 2022 kuma aka ƙara da madaci da kawo. Wanda ya ga yawan motocin gawayi da na katako da ke fita daga dazuzzukan Jihar Neja ba zai yi mamakin haka ba. Kafintan ya ce yana da wani allon madaci da ya shekara 6 a rumfarsa yana shan hunturu, kuma in Allah ya ba shi lokaci zai gwada ƙera jita da shi, a haɗa ta a watan Janairu, ya ga ko ita ma za ta tsage. Har yanzu dai allon yana rumfa.

Da aka mayar da tsirkiyoyi, malamin ya ɗan jima kafin ya iya taɓa su. Da ya kaɗa, muryar tana nan yadda ya san ta. Tabon ma yana nan, siriri kamar gashi, duk wanda ya san wurin zai gan shi.

Damina ta zo masa da nata darasin. Cikin watan Agusta fuskar ta kumbura ta bayan jaki, tsirkiyoyi suka yi nisa da wuya har yatsu suna ciwo, wani farin fumfuna ya fara fitowa a cikin jakar. Sai ya gane cewa soso na rani ne kawai. Da ruwa ya sauka akan cire shi, a riƙa shanya jakar a rana ita kaɗai, jitar kuma a nisanta ta da bango mai danshi. Ya sayi ɗan ƙaramin agogon nan mai nuna laimar iska ya jefa a jakar, ya koyi duba shi kamar yadda manomi ke duban gabas.

Rufin ɗakin matarsa kuwa sai a kwasar adashi ta gaba aka yi shi, bayan ta ƙara cin wata damina guda da kwanoni uku a tsakar ɗaki. Ranar da kuɗin suka shigo hannunsa bai kwana da su ba, daga makaranta ya zarce wurin masu sayar da kwano. Ita ce kuma daga baya, da ta ga yana mantuwa, ta ɗora wa 'yarsu ta biyu aikin jiƙa soso, ta haɗa mata shi da ba kaji ruwa.

Yanzu samari sukan zo wurinsa neman shawara, domin labari ya bazu cewa Malam ya san jita. Ba ya hana kowa sayen mai zalla, ba ya kuma zuga kowa. Yakan tambayi yaro inda zai ajiye ta, da ko yana da akwati ko jaka mai kauri, da ko zai riƙa yawo da ita a rana, da ko zai iya tuna soso kowane kwana uku daga Nuwamba har zuwa saukar ruwa. In yaron ya yi jim, sai ya ce masa ya nemi ta manne mai kyau, ko mai fuskar zalla kaɗai, ya koyi hannu tukuna. In kuwa ya ga da gaske yake, sai ya gaya masa cewa kuɗin da zai biya a kanti somin-taɓi ne, sauran kuwa a hankali zai riƙa biya, muddin jitar tana hannunsa. Daga nan yakan tambaye shi ko akwai wani alkawari da ke kan kuɗin.

Ƙusar da ya buga a bango daura da taga tana nan ba a cire ba, hularsa yake ratayawa a kai. Jitar kuwa tana cikin jakarta a ƙarƙashin gado, nesa da taga. In hunturu ya kankama, bayan sallar lisha, akan ji shi yana tambaya daga cikin ɗaki ko an jiƙa soso, yarinyar kuma ta amsa daga tsakar gida cewa an jiƙa tun da la'asar.